Littafin da Ya Bi Ƙasusuwan Kaka

Tun shekarar da Lindung ya shiga makarantar horar da fastoci, mutanen ƙauyen da ke gangaren Tafkin Toba suka daina kiran mahaifinsa Ama Lindung, wato Baban Lindung a harshensu, suka koma ce masa Baban Fasto. A rumfar bammi ma in ya ɗaga kofi sai wani ya ce ya sha a hankali, kada ɗansa ya sa shi a wa'azi. Yakan yi kamar bai ji daɗi ba, alhali ransa fari ƙal. Manomin gahawa ne, a aji shida ya tsaya, kuma bai taɓa roƙon Allah wani abu kamar ya ga ɗansa cikin baƙar rigar fasto ba.

A damanar nan dangi suka shirya tono ƙasusuwan kakan Ama Lindung, mutumin da ya fara karɓar baftisma a ƙauyen, don a mayar da su sabon hubbaren siminti. Lindung, wanda saura masa shekara guda ya gama, shi aka ba addu'a. Ya iso a rame, da littattafai uku a jaka, ga ƙarancin magana. Da uwarsa ta ajiye masa kifi ma bai ci rabi ba.

A gona ya buɗe wa uban cikinsa. Ya ce littafi ɗaya na tarihi ne, ɗaya kan kishin ƙasa, kuma sun sa yana tambayar kansa ko bishara ta iso ƙauyensu ne a bayan bindigogin Turawan Holan. Ya tuna masa labarin da kowa ke faɗa da alfahari, yadda kakan nan ya ƙone littattafan ɓawon itace na iyayensa ranar da ya tuba.

"Baba, ban sani ba ko in gode masa ko in yi masa kuka."

"To, addu'ar fa, babana?" Haka yake kiransa, don sunan kakan aka sa masa.

"Zan gwada."

Wannan kalma ta hana Ama Lindung sakat. Da ɗan ya tafi gaishe da kawunsa, sai ya zazzage jakar. Ya bi shafi ɗaya da yatsa, bai fahimci komai ba. Amma ya lura biyu daga littattafan tsaf suke, na ukun kuwa ya tsufa, bangonsa ya yage, kowane gefe cike da rubutun hannu da jan layi. Ya ce a ransa wanda aka fi sha ai shi ne gubar.

Ranar tono, aka wanke ƙasusuwan da ruwan lemun tsami da kurkum, aka jera su a ɗan akwati. Ama Lindung, a matsayin babban jika, shi ya naɗe su da ulos, mayafin saƙi na dangi. Cikin naɗin ya cusa tsohon littafin nan na ɗansa. Ƙanwarsa ta ce tsohon ya fi yadda take zato nauyi, aka yi dariya, shi bai yi ba. Lindung ya yi addu'a gajera, har tsofaffi suka share hawaye. Magini ya toshe ƙofar da siminti. Irin wannan ƙofa ba a sake buɗe ta sai wata gawar ta zo.

Washegari da hantsi Ama Lindung ya tarar da ɗansa yana ɗaga tabarmi yana leƙa bayan buhunan gahawa. Bai iya ƙarya ba, ya faɗa masa.

Lindung ya zauna a kan buhu. Ya yi bayani a hankali, kamar mai magana da mara lafiya. Littafin tauhidi ne, na wani malaminsa da ya rasu bara. Malamin ya yi shekara talatin yana fama da tambayoyin nan, yana rubuta amsoshinsa a gefen shafi. Addu'ar jiya ma daga can ya samo ta.

"Waɗannan biyun su ke tambaya, Baba. Wancan shi ke ba ni amsa."

Ama Lindung ya ce za a sayo wani a birnin Medan. Lindung ya ce rubutun hannun ba a sayar da shi. Ya ƙara da cewa a gidan nan dai, in an ji tsoron littafi, ba a tambayar mai shi.

Ya tafi a motar safe da littattafai biyun. Bayan wata guda saƙo ya zo cewa ya bar makaranta, ya samu aiki a wata maɗaba'a.

Babu wanda ya yi wa Ama Lindung tsiya a rumfar bammi. Sai dai sun koma kiransa da tsohon sunansa, cikin ladabi. Ran Lahadi in an tashi daga coci yakan hau tudu ya cire ciyawar gindin hubbaren, ya dafa simintin da tafin hannu, daidai inda yake jin littafin yake.