Tarago Mai Lamba Tamanin da Uku

Shekara arba'in da ɗaya wani dattijo da ake kira Don Eusebio Larralde yana aikin kafinta a garejin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke unguwar Caballito, bai taɓa jin mutumin Buenos Aires ya yabi tsofaffin taragun katakon nan ba, sai a satin da aka ce za a janye su. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna mita, wai taragun na jijjiga, wai fitila na ɗaukewa, wai sai mutum ya ja ƙofa da hannunsa, su ne suka cika tasha suna ɗaukar hoto, har da masu matsar hawaye. Don Eusebio ko kallo ba su ishe shi ba. Cewa yake a ba su sati biyu cikin sababbin masu na'urar sanyi, a ga wanda zai ƙara tunawa.

Shi damuwarsa ɗaya ce. An ce za a zaɓi 'yan kaɗan a adana, sauran a jibge a fili, ruwa da rana su cinye. So yake mai lamba tamanin da uku ya tsira. Tun 1913 aka kawo taragon daga Beljiyam, a kansa ya koyi aiki, shi ke yanka masa takalmin birki daga itacen lapacho, ya jiƙa a baƙin mai har ya sha. Son taragon yake, ba ya ɓoyewa.

Ranar Talata aka turo mai zaɓen, Dakta Irupé Maidana, masaniyar kayan tarihi, da fararen safar hannu kamar wadda za ta shiga tiyata. Ya miƙa mata ƙoƙon shayin mate, ta ce hannunta ba ya taɓuwa. Nan take ya gama raina ta. Nicanor mai gyaran lantarki, abokinsa na shekara talatin, ya raɗa masa cewa don Allah yau ɗaya dai ya riƙe bakin nan nasa.

Ta shiga tamanin da uku, ta shafa benci, ta ɗaga taga ta sauke, ta tsuguna tana leƙen inda katako ya haɗu da katako. Sai ta juya ta ce wa Nicanor wannan shi ne na farko a jerinta. A dubi hannun kafintocin Beljiyam, in ji ta, irin haɗin da babu mai rai da zai iya shi yau, don ma'aikatan yanzu ban da faci ba su san komai ba.

Ai kuwa Don Eusebio ya ja tsaki, wanda har a bakin ƙofa an ji.

"Dakta, wane ɗan Beljiyam? Bencin da kike shafawa ni na yi shi, shekarar da aka haifi 'yata. Tagogin nan ni ne. Daɓen da kike tsaye a kai sau biyu ina sake shi. Duk karatun bai nuna miki ba?"

Nicanor na ta taka masa ƙafa, ina, bakin ya riga ya buɗe. Ya ɗaga bencin ya nuna mata haruffan sunansa da ya ƙona a ƙarƙashi. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta taɓa ganin aiki irin nasa ba. Daɗi ya kama shi, ya ƙara ƙaimi. Da ta tambaye shi to me ya rage na asali, ya amsa har da dariyarsa:

"Ƙarfen ƙasa, da 'yan marikan ƙofa na tagulla."

Ta rubuta. Ta ce ƙa'idar da aka ba ta ita ce a adana waɗanda suka fi yawan katakon asali, ta tambayi wanne ne bai cika taɓawa ba. Da kanta ta hango hamsin da ɗaya can a lungu, wanda Don Eusebio ke kira akurki, rufi na yoyo, benci duk gara, wanda ya yi shekaru yana ƙin sa masa hannu don ya ce bai cancanci katakonsa ba. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce wannan.

Don Eusebio ya buɗe baki zai ce wasa yake, ya ga babu hali, ga sunansa ta gani da idonta.

Kafin ta tafi ta lura hamsin da ɗaya ba shi da marikan ƙofa.

"A ciro na tamanin da uku a sa masa. Kai za ka yi, Don Eusebio, don babu mai hannunka."

Nicanor ya ce bari shi ya yi. Don Eusebio ya ƙwace sukundireban ya shiga tamanin da uku shi kaɗai. Ko gardama kusoshin ba su yi masa ba, don watan jiya ya sa musu mai.