Sunan da Ikilima Ba Ta Faɗa

Ni dai tun farko ban so a turo ni Garo ba. Kullum sai in fito daga Gwarzo a bayan ɗan acaɓa, in iso ƙuguna kamar an daka a turmi, don in yini da yara 'yan shekara uku zuwa biyar a ajin share fage. Ajin ma ɗaki ne guda a ƙarshen firamare. Tabarmi ne a shimfiɗe, sai marafan kwalba da muke koyon ƙidaya da su, sai tukunyar kunun gyaɗa da ake dama wa yaran da hantsi. Ran Alhamis iyaye mata suke zuwa mu zauna tare, a nuna musu yadda ake yi wa yaro hira da waƙa, da lura da cinsa da lafiyarsa. Na san wasu don kunun suke zuwa, ban kuma damu ba.

A cikin yaran akwai Ahnaf, ɗan shekara huɗu, siriri mai son dariya. Kakarsa ta wajen uba, Gwaggo Atika, ce take kawo shi, ita take riƙonsa tun da aka yaye shi, ko da yake gida ɗaya suke da uwar, zana ce kawai a tsakaninsu. Uwar, Ikilima, ita ma tana zuwa ran Alhamis da jaririyarta a goye, ta zauna can ƙarshen tabarma. Ahnaf ɗan farinta ne, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a idon mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. In ta kama dole sai ta ce "yaron Gwaggo". Shi kuwa Yaya yake ce mata. Mata suna ta yabonta, wai 'yar gidan mutunci ce, ba irin matan yanzu ba.

Bayan girbi na lura yaron yana karkata kai in ana magana, yana miƙo kunnen hagu. Na jawo shi na leƙa na dama, sai wari ya buge ni. Ruwa ne yake fita, har ƙuda yana bi.

Da aka tashi na bi shi gida. Muka gaisa da Gwaggo, ina gajiya, ina aiki, ya mutanen Gwarzo, ya muka ji da sanyi, sannan na kawo maganar asibiti.

"Haba Malama," in ji ta, "ciwon kunne ai gishirin yarinta ne. Ubansa ma ya yi, ga shi yanzu ƙato. Ina ɗiga masa man kaɗanya. In uban nasa Mudi ya dawo daga ci-rani a Kudu da saukar damina, sai ya ga abin da ya gani."

Na juya wajen Ikilima da take tankaɗe a ƙofar ɗakinta. "Ke fa, me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni me na sani, Malama? Yaron Gwaggo ne."

Wallahi raina ya ɓaci, na tashi ko ruwan da aka kawo min ban sha ba. A zaure ta cim mini, tana waiwaye kamar wadda ta yi sata.

"Malama, matashinsa ni nake ɗaukewa in wanke. Kullum da jini-jini."

"To ki gaya wa mijinki mana! Ba yana kiranki a waya ba?"

"Da wane bakin? A ce na zage ina wa ɗan fari rawar jiki, a kuma ce na raina riƙon Gwaggo?"

Na ce mata kunya ba ta warkar da kunne. Ta ce za ta gwada. Na yarda ta gwada, don daga baya ta ba ni labari cewa ta kai har "yaron nan", Mudi ya ce wane yaro, sai ta ce ba komai.

Da na ga shiru sai na kai ƙara wajen shugaban makaranta, ya nemo lambar Mudi ya kira shi. Mudi ya kira mahaifiyarsa, ta ce masa rigimar 'yan boko ce, yaro yana cin tuwonsa yana wasansa, kada ya tayar da hankalinsa a baƙon gari. Bawan Allah bai tsaya nan ba, ya kira matarsa ya tambaye ta ko gaskiya ne. Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana ji. Ikilima ta ce, "Gwaggo ta fi ni sani." Magana ta mutu a nan. Ni kuwa na zama mai shishigi, har Gwaggo ta daina shigowa aji, a bakin ƙofa take sake masa hannu ta juya.

Haka muka ci gaba. Ina zaunar da shi a kusa da ni ta ɓangaren kunnensa na hagu, ina goge na daman da auduga, ina ta mita. Ran Alhamis in ina maganar lura da lafiyar yara, na san da wa nake, Ikilima ma ta sani. Sai ta yi ta gyara goyon da ba abin da ya same shi.

Zafin bazara yana kankama Ahnaf ya daina zuwa. Aka ce zazzaɓi. Kafin in je dubiya aka ce wuyansa ya sanƙare, an kwashe shi zuwa asibiti a Gwarzo. A ranar ba wanda ya tsaya neman izinin kowa. Likita ya ce sanƙarau ne, kuma ga dukkan alamu ciwon kunnen ne ya haura kai. Mudi ya baro Kudu a gigice. Yaro ya sha allurai, Allah ya yi da sauran kwana a gaba, ya tashi.

Ranar da za a sallame su na je. Yana zaune a kan gado ya rame, yana wasa da hular ubansa. Ya gan ni ya yi murmushi. Na gaishe shi, ya bi bakina da kallo kawai.

Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya zagaya bayansa ya tafa hannu. Yaro bai motsa ba. Mudi ya kira shi, Gwaggo ta kira shi, shiru.

"Ina uwar?" in ji likita. "Ta zo ta tsaya a bayansa ta kira sunansa. Wani lokaci muryar uwa ce kaɗai yaro yake kamawa."

Ikilima tana jikin bango. Ta dubi surukarta, ta dubi mijinta. Ɗakin cike yake da masu jinya, kowa ya zuba ido. Gwaggo ce ta yi magana.

"Je ki, 'yar nan. Kira shi."

Ta tako ta durƙusa a bayansa. Sannan a hankali, kamar mai tsoron kada sunan ya ƙona ta, ta ce, "Ahnaf."

Yana ta juya hula.

"Ahnaf." Ta ɗaga murya. Ta matsa daidai kunnen hagu, wanda a da yake ji da shi. "Ahnaf! Ahnaf!" Har jaririyar da ke bayanta ta firgita ta fashe da kuka, wata tsohuwa a gadon gefe ta hau salati. Shi kuwa ya kifa hular a kansa, ta rufe masa ido, ya yi dariya.

Likita ya fara bayanin takardar da zai ba su zuwa Kano, da makarantar kurame in ya ƙara girma. Ban tsaya ji ba. Duk haushin da na yi watanni ina tarawa ya zube, tausayin Ikilima ya kama ni, na durƙusa a gefenta. Ta kama hannuna ta matse, idonta a kan ƙeyar yaron.

"Malama," ta ce, "bai fa taɓa ji na faɗa ba."