Muryar Eilif da Kotu Ta Hana Ni

Alƙaliyar ba ta ɗago kai ba har ta gama karanta hukuncin. Maganar matuƙa da na'urar jirgin sama ta naɗa, in ji ta, ba ta jama'a ba ce, ba kuma ta iyali ba. Doka ta keɓe ta ga masu binciken haɗari kaɗai, don matuƙa su riƙa sakin baki a bakin aiki ba tare da fargabar wata rana za a baje su a faifai ba.

Mijina Eilif ne ke tuƙa jirgin saman gwamnati mai ɗaukar marasa lafiya, wanda ya daki dutse a yankin Finnmark, can arewacin ƙasarmu, hunturun bara. Rahoto ya ce kuskuren matuƙi ne. Ni ban je kotu don in wanke shi ba. Abu ɗaya ke cin raina: ya ga mutuwar tana zuwa, ko kuwa ta ɗauke shi yana cikin raha? Amsar tana nan a kulle cikin wani ofishi, da muryarsa.

A bakin kotu Halvard ya tarar da ni, ruwan ƙanƙara na sauka a kafaɗunmu. Aminin Eilif ne, matuƙi kamarsa, shi ya tsaya masa ranar aurenmu. Shi ne kuma ya ba da shaida da sunan ƙungiyar matuƙa cewa kada a ba ni muryar.

"Torunn, karɓi kofin shayin nan, akwai sanyi."

"Ashe ka iya tsara magana, mutumina. Har alƙaliyar ka burge. Ka bar tuƙi ka koma lauya mana."

"Zage ni son ranki, na cancanta. Amma kin san mijinki. Da matar wani ce ta kawo ƙarar, shi zai fara miƙewa ya faɗi abin da na faɗa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Na ce, "Kai ka saurari muryar ai. Kai ƙungiya ta tura cikin masu binciken."

Bai musa ba.

"To ban ce ka ba ni komai ba. Ban ma ce ka buɗe baki ba. Ka gyaɗa kai, ko ka girgiza. Ya ji tsoro?"

"'Yar'uwa, na yi rantsuwa."

"Babu kowa a nan, daga ni sai kai."

"In na amsa miki, gobe matar abokin tuƙinsa za ta zo da tata tambayar, kuma amsarta ba lallai..." Ya haɗiye sauran.

Na kafe shi da ido, ina laluben fuskarsa kamar mai neman allura cikin rairayi. Idanunsa sun kaɗa, amma ko iskar teku tana kaɗa ido. Da ya gane abin da nake yi, sai ya ja hularsa ƙasa, ya juya fuskarsa wajen tashar jiragen ruwa, ya tsaya nan gefena bai tafi ba.