Farin Haƙorin Marka

Marka ta kwance bakin zanenta, ta zazzage haƙorin a kan teburin Malami, ya yi ƙwal kamar guntun kofin shayi.

"Ga tsiyarku nan," in ji ta. "Gobe ina da kai amarya. Ka mai da shi bakina."

Malami ma'aikacin haƙori ne, daga Sakkwato yake zuwa Tambuwal ranar kasuwa. Ita kuwa Marka, kaf Kebbe babu maguɗiya kamarta. Shekara talatin ba a kai amarya sai da guɗarta. Bara saniya ta kai mata ƙaho, haƙorin gaba ya karye, guɗar ta koma fito, iska na zurarewa ta giɓin. Ɗanta, wanda arzikin fetur ya ba ofis da babur, ya kai ta birni aka rufa wa guntun haƙorin hular tangaran. Murya ta dawo. To amma fa haƙoran Marka jajaye ne jawur, aikin goro da furen taba tun tana budurwa, baƙon kuwa fari fat. Ta goga masa fure har dasashi ya yi jini, ko gezau. Kulu, wadda ta daɗe tana harin gurbinta, ta laƙaba mata "mai fitila a baki", mata kuwa suka ɗauka.

Malami ya jujjuya haƙorin. "Inna, mi kinka yi mai?"

"Dutsen goge kaushi na sa mai. Ko fata sai an jeme ta take shan rini."

"Shi ne kinka girgiɗe shi har ya faɗo. Wanga maiƙon da ke ciki fa?"

"Man shanu ne, kada ya bushe ya tsage."

Malami ya yi salati. "Bayan shi santsi aka so, kin karce. Cikin shi kaushi aka so don simintin liƙa haƙori ya samu abin kamawa, kin shafe da mai!"

Ran Marka ya ɓaci ƙwarai. Ji min yaro! Wanda wataƙila ita ta yi guɗar auren uwarsa, yau shi ke koya mata zaman baki.

"Lokacin da kunka liƙa min shi, wa ya dubi 'yan'uwanshi? Makafi ne ku? Kun yi wa bakin Bature haƙori, kun kawo ma Marka!"

Malami ya jawo kayan aikinsa. Ya wanke maiƙon da magani har sau uku, ya karta cikin da ɗan injinsa, ya cusa mata auduga a baki. "Ko ɗigon miyau ya taɓa shi, aiki ya ɓaci." Ya kwaɓa siminti, ya danna haƙorin, ya riƙe. Tana ta hararsa, babu bakin zagi.

Da ya zare audugar sai ya ce, "Tangaran ba shi shan fure har abada. Yanzu da kinka karce shi, baƙi zai riƙa ɗauka layi-layi. In kina son su daidaita, sai ki bar goro da fure, sauran su dusashe."

"Talatin da ɗaya su bi ɗaya? Baƙo ne zai sauya wa gari al'ada?"

"In ba haka ba, sai a cire shi, ki bar wa wata guɗar."

Washegari a Kebbe, da aka fito da amarya, Marka ta toshe hanci ta saki guɗa. Duk haushin da ta ƙunso daga Tambuwal a ciki ya fita, har awaki suka tsinke igiya. Kulu ta buɗe baki za ta yi tata guɗar, ta mayar ta rufe.

Uwar amarya ta kawo mata tukuicin da aka saba a kan faifai: jan goro daushe da ƙullin fure sabon tsinka. Ƙamshin ya daki hancinta, miyau ya taru. Ta daɗe tana kallon faifan, harshenta na shafa farin haƙorin.

Sannan ta tura shi gefe da bayan hannu.

"Ku kai ma Kulu," in ji ta. "Ita ke da bakin ci."