Saƙon Dindo

Nestor Gumban ya farke saƙon da aka ba 'yarsa ta kai ƙasar waje, kuma a unguwarsu da ke bayan kasuwar Jaro ba a yin haka. In mutum zai tashi, kowa kawo nasa yake yi a naɗe, a liƙe, da sunan mai shi a jiki. Kai dai ka karɓa ka cusa a akwati. Tambayar me ke ciki ma cin fuska ne.

'Yar tasa Maricor shekararta goma sha shida. Cocinsu ya zaɓe ta cikin matasa tara da za su je aikin bishara Kambodiya na sati biyu, saura kwana huɗu jirgi ya tashi. Tun safe akwatin yake buɗe a tsakar ɗaki: dogayen siket uku, don Fasto ya ce can ba a nuna gwiwa, Littafi Mai Tsarki, maganin sauro, fensiran kala na rabon yara. Ranar Nestor ko fita da kekensa na haya bai yi ba. Yana tsaye a kanta, duk abin da ta saka sai ya ɗauko ya jujjuya.

"Tay, safa ce fa! Ita ma sai ka shinshina?" in ji Maricor. Tay ɗin, haka ake kiran uba a wajensu.

"Zan shinshina. Ke me kika sani a duniya?"

Ana haka Purita ta shigo, uwar baftismar Maricor, mai sayar da shinkafa da miya a bakin layi. Ɗanta Dindo shekara uku yana Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. Ta dire wani ƙunshi da aka naɗe da salatif kamar ba za a taɓa buɗe shi ba.

"Pare, ɗan saƙo ne na Dindo. Da kansa zai je masaukinsu ya karɓa." Pare da Mare, haka uban yarinya da uwar baftismarta suke kiran juna.

Nestor ya ɗaga ya ji nauyinsa. "Mene ne a ciki, Mare?"

"Kan mutum ne," in ji Purita, tana dariya. "Kai Pare, tsufa ya fara taɓa ka."

"Wane aiki ma Dindon yake yi?"

"Na kwamfuta."

"Bara kin ce otal."

"To ya canja! Kai ɗaya Allah ya ɗaure a kan keke."

Maricor ta karɓi ƙunshin, ta kai hannun matar goshinta don neman albarka, ta saka shi ƙarƙashin siket. Purita na fita Nestor ya ɗauko wuƙa.

Busasshen mangwaro ne da busasshen kifi da singileti biyu. Sai wata leda a tsakiya, cike da farin abu mai ƙyalli kamar dakakkiyar kwalba.

"Alif ne, Tay. Na shafawa a hammata. Akwai irinsa a banɗakinmu."

Nestor ya san alif. Amma a tashar keke ya sha jin cewa masu ƙwaya da alif ɗin suke ɓad da kama, kuma 'yan mata masu ɗauke da Littafi ake nema, don ba a cika cajin su ba. Ya tuna matar da aka nuna a talabijin, tana kurkukun wata ƙasa tana rantsuwa saƙo aka ba ta.

"To ka lasa mana ka ji," in ji Maricor.

"In lasa in haukace?"

"Ka zubar, in ce mata ya ɓace. Don Allah, Tay, kar ka fita da shi."

Ya fita da shi. A tunaninsa mai unguwa zai duba kawai ya ce masa e ko a'a. Mai unguwa ko taɓa ledar bai yi ba, ya ja kujera baya ya kira 'yan sanda.

"A ina aka samu?" ɗan sandan ya tambaya, biro a hannu.

"A akwatin 'yata," in ji Nestor. Sai da ya ga an rubuta sunanta sannan ya gane abin da ya jawo mata.

Da azahar, layi cike da masu cin abinci, 'yan sanda suka ɗauki Purita daga gaban tukunyarta. Ba ta yi ihu ba. Da za a wuce da ita ta dubi Nestor ta ce, "Pare, ni na riƙe yarinyar nan ranar da aka zuba mata ruwan baftisma."

Washegari Fasto ya zo, bai ko zauna ba. Ya ce iyayen sauran yaran sun taru, ba wanda zai bar ɗansa ya bi layin bincike ɗaya da mai suna a littafin 'yan sanda, don haka Maricor ba za ta je ba.

"Fasto, ni fa na kai kayan da hannuna!"

"Na sani, ɗan'uwa. Je ka faɗa musu."

Sakamakon gwaji ya fito bayan kwana tara: alif ne. A lokacin yara takwas sun kwana biyar a Kambodiya, Maricor kuwa ta yi fushi ta koma gidan gwaggonta. An saki Purita, ta sake hura wuta ta ɗora tukunya, amma sunan ya riga ya bi ta. Masu ci suka koma wancan tsallaken, ba mai son a gan shi zaune a bencinta. Wata biyu ta jure tana zubar da shinkafa, sannan ta kwashe tukwanenta ta koma ƙauyensu a Guimaras, bayan shekara ashirin da biyu a bakin layin.