Hannun da Ya Saki

Auta ta mayar da kaset ɗin baya karo na uku. Shekara biyu ke nan tana aiki a ɗakin adana muryoyi na gidan rediyo. Takan saurari tsofaffin kaset-kaset da wani malamin jami'a ya bi ƙauyuka ya ɗauka tun ba a haife ta ba, ta buga abin da ta ji a kwamfuta, sannan ta zaɓa masa gida a fom. Gidajen huɗu ne: tatsuniya, almara, camfi, tarihin baka. Ukun farko ana sa su a shirin ranar Asabar. Na huɗun kuwa, da yake sirrin mutane ne, a durowa ake kulle shi.

Ta saba da tsofaffi masu tari, da zakarun da ke katse musu magana. Amma wannan muryar ta kakarta ce, wadda aka binne tun lokacin da Auta ke aji shida.

Tsohuwar ba ta buɗe da "ga ta nan" ba, ita da ko labarin kasuwa sai ta yi masa ado. Kai tsaye ta shiga zance. Wata mata, in ji ta, ta je wanki rafi da 'ya'yanta mata biyu. A hanyar komawa ruwa ya taso. Ta haye da babbar, ba ta haye da ƙaramar ba. Da ta isa gida sai ta ce 'yan ruwa ne suka ɗauke ta, tana can ƙarƙashi ana yi mata gata.

Kaset ya yi ta shuuu. Can muryar ta dawo ƙasa-ƙasa: "Ɗan nan, babu wasu 'yan ruwa. Hannun uwar ne ya gaji, ta saki."

Auta ta tsayar da kaset ɗin. Duk gidansu an san Umma, mahaifiyarta, tana da ƙanwa a wurin 'yan ruwa. Da shi aka rene su. Har yau in mota ta hau gada, Umma kan runtse ido tana motsa baki. Kuma Umma ba ta taɓa fashin shirin Asabar ba.

Oga, shugaban sashe, ya leƙo da kofin shayi. "Ke Auta, gamo kika yi? Me ke ciki?"

"Wata tsohuwa ce, ranka ya daɗe. Maganar 'yan ruwa."

"To ai shi ke nan, tatsuniya. Cike mini kafin a tashi, shirin nan ba shi da kaya."

Ta ce kanta na ciwo, ta ɗauki muryar a wayarta, ta hau bas da rana tsaka. Tausayin Umma ya cika ta. Shekara ashirin da wani abu matar nan ba ta ji muryar uwarta ba, ga shi ranar da za ta ji, da wannan za a tare ta.

Ta iske Umma a kan keken ɗinki, tabarau a ƙarshen hanci.

"Lafiya da rana haka? Ko sun kore ki ne mu huta da kaset?"

"Umma, na tsinci muryar Kaka a wurin aiki. Amma ba lallai ne ki..."

"Kunna."

Ta kunna. Ƙafar Umma ta tsaya a kan keken. Da aka zo wurin tarin tsohuwar har ta yi murmushi, ta ce, "Inna ke nan." Daga nan ba ta ƙara motsi ba har muryar ta ɗauke.

"Zan sa shi a tarihin baka," in ji Auta da sauri. "Kullewa za a yi, ba wanda zai ji. Ki yafe mata, Umma, tsoro ne ya sa ta ɓoye."

Umma ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta na dama.

"Inna na ɗauke da kayan wanki a ka, ta dafe da hannu ɗaya. Da ɗayan ni ta riƙe." Ta dunƙule hannun. "Ƙaramar ni aka ce in riƙe. Shekarata shida. Har yanzu ina jin yatsunta suna zamewa."

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa.

"Inna ta zata na manta," in ji Umma. "Ni kuma na bar ta a haka, don ta samu ta yi barci. Ashe ko a gaban baƙo ba ta yarda ta ambace ni ba."

"To me zan rubuta a fom ɗin?"

Umma ta mayar da tabarau, ta gyara yadin a ƙarƙashin allura, amma ba ta taka keken ba.

"Rubuta tatsuniya. Ai ita ce. A sa ranar Asabar, ina so in ƙara jin ta tana yi mini."