Sunan da Inna Larai Ba Ta Kira Ba

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kowa ya koyi kafa kwamiti, har 'yar majami'ar nan ta Tarauni inda Hausawan ƙauyukan Rano da Sumaila suke sujada. Rigimar a kan kiɗa ce. Matasa sun samo kibod, abin kiɗan nan na lantarki, zumuntar mata kuwa suna nan da tulunsu da ake buga bakinsa da soso.

Inna Larai ce mai ba da waƙa, shekara ashirin da biyu ke nan. Tana da wata waƙa da take jero sunayen waɗanda suka rasu, mata suna amsawa, "Yana hannun Ubangiji." Mijinta Inuwa zai cika shekara da rasuwa ranar Lahadi, kuma ba ta taɓa iya sa sunansa a ciki ba. Ta ƙudurta wannan karon sai ta kira shi.

Kwamiti ya yanke hukuncin da ya ga adalci ne: waƙa ta mata, kiɗa na matasa.

"Inna, kada ki damu," in ji Ɗan'azumi mai kibod. "Akwai ganga a cikinsa. Wuri ɗaya zan danna, ta yi ta yi."

"Wa zai ce mata ta tsaya?"

"Ai ba ta tsayawa. Ba ta gajiya irin Mama Hauwa."

Hauwa mai tulu ta harare shi. "Ja can, marar kunya. Ni na goya ka kana majina."

Aka yi dariya, aka watse. Babu wanda ya tambayi abin da ya kamata a tambaya. Larai tana fama da ciwon ƙirji. Shekara da shekaru Hauwa kafaɗunta take kallo; in ta ga numfashi ya yanke, sai ta sassauta hannu har ya dawo. Su biyun ma ba su taɓa zancen ba, balle kwamiti ya sani.

Ranar Lahadi Larai ta tako da ƙafa daga Gyadi-Gyadi, ta tsaya gaban jama'a. Ɗan'azumi ya danna. Ta kira suna uku lafiya lau. Na huɗu na Inuwa ne. Ta buɗe baki, ƙirjin ya riƙe. Ta dakata kamar yadda ta saba, kiɗa bai dakata ba. Mata suka bi ganga suka amsa, "Yana hannun Ubangiji," ba a kira kowa ba.

Ta jira kiɗan ya zagayo. Ya zo ya wuce tana tari. Hauwa tana zaune, hannuwanta a cinya.

Ɗan'azumi ba mugu ba ne. Ya ga tsohuwa za ta ji kunya, sai ya ƙara sauti ya ɗauko wata waƙar ta matasa. Majami'a ta miƙe da tafi da rawa. Fasto ya ce yau ya ga haɗin kai da idonsa.

A waje Hauwa ta riƙo mayafin Larai. "Yaya, Lahadi mai zuwa zan fito da tulun, ko su so ko su ƙi."

"Lahadi mai zuwa ba ranarsa ba ce."

Ranar Laraba kwamiti ya zauna, ya ga waƙar ta yi wa Inna nauyi, kuma ba ta hau kiɗa ba. Don tausaya mata aka cire waƙar daga tsarin sujada. Aka aiko a gaya mata, tare da gaisuwa.